Zakin Yankari da Shanun Ruga: Diyya, Shinge Ko Masu Bin Sawu, Da Wanne Za A Fara?

Duk faɗin Najeriya wuri biyu ne kacal suka rage inda zaki ke yawo da ƙafarsa ba a cikin keji ba: dajin Kainji da ya ratsa jihohin Neja da Kwara, sai namu na Yankari a ƙaramar hukumar Alkaleri. Ko an haɗa na wuraren biyu ba su kai 50 ba a lissafin masana, kuma kason Yankari shi ne ƙarami. Binciken da aka fitar a 2014 ya bi manyan dazuzzuka 21 na Afirka ta Yamma, ya tarar da zaki a wurare huɗu kawai, jimillarsu kusan 400. Kusan kashi 90 cikin 100 na waɗannan suna wuri guda, a dajin da ya haɗa iyakokin Benin da Burkina Faso da Nijar.

Yankari ba shi da katanga. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, kuma ko ta Duguri ka ɓullo masa, ko ta Pali, ko ta Gwana, gonaki da rugage za ka tarar har bakin iyaka. Saboda haka ran zakin nan ba a hannun mai gadin daji kaɗai yake ba. Yana hannun makiyayin da ya wayi gari ya ga an kayar masa da karsana, da abin da zai yanke a zuciyarsa kafin rana ta faɗi.

Hanyoyi uku ne suka fi shahara a ƙasashen da makiyaya ke maƙwabtaka da zaki: a biya diyyar dabbar da ya kashe, a ƙarfafa makwancin shanu, ko a ɗauki samarin makiyaya su riƙa bin sawunsa suna gargaɗin jama'a. Kuɗin da hukuma ko ƙungiya ko masarauta za ta ware ba zai ɗauki ukun a lokaci guda ba. Dole a fara da ɗaya.

Kafin a zaɓa, sai a san yadda zaki ke mutuwa a irin ƙasarmu. Ba kasafai ake tunkararsa da mashi ko bindiga ba. Zaki ya kayar da saniya ba ya cinye ta a zama ɗaya, yakan ci ya ja gefe, ya dawo da dare. Mai saniya ya san haka. Sai ya sayi maganin ƙwari na gona, irin wanda ake kasawa a kowace kasuwar ƙauye, ya tsaga mushen ya barbaɗa a ciki ya tafi. Washegari ba zaki ɗaya za a tarar ba. Zakanya da 'ya'yanta, kura, dila, da ungulaye zube a kewaye, wasu ma fukafukinsu a buɗe, ba su samu tashi ba. Haka ta faru a dajin Masai Mara na Kenya a Disambar 2015, inda mushe mai guba ya kashe zakuna uku daga wani garke da duniya ta san shi ta talabijin. Kenya tana da zakunan da za su cike gurbi. A Yankari mushe ɗaya zai iya rufe zancen gaba ɗaya. Sau da yawa ma ba don zaki ake sa gubar ba, don kura ce, wadda ta fi shi damun ruga nesa ba kusa ba.

Sannan a ina suke haɗuwa? Yawanci da rani ne, lokacin da ciyawa ta ƙare a waje, ruwa ya rage sai a kogin Gaji da ke tsakiyar dajin. Doka ta hana kiwo a ciki, amma gonaki sun cinye burtali, makiyayi ya rasa inda zai sa kansa, sai ya kora shanu ciki da dare. Mafarauta kuma na rage gwanki da kanki da ɓauna, abincin zaki na asali. Zaki mai jin yunwa ya ga saniyar da ba ta iya gudu ba. Duk hanyar da ba ta taɓa waɗannan abubuwa biyu ba, gubar da kuma shigar rani, ba ta taɓa komai ba.

A fara da diyya, tunda ita kowa ke fara ambata, kuma da gaskiyarsa. Saniya ba dabba ce kawai ba a wurin Bafulatani. Ita ce sadaki, ita ce kuɗin asibiti, ita ce gadon da zai bar wa 'ya'yansa. Idan mutanen birni da na ƙasashen waje ne ke son zaki ya rayu, me ya sa talakan ruga zai biya kuɗin son nasu shi kaɗai? Wannan tambaya ba ta da amsa sai biya.

Inda diyya ta yi aiki sosai shi ne Mbirikani, a kudancin Kenya kusa da dajin Amboseli, inda aka fara ta a 2003. Amma a duba sharuɗɗan da aka gindaya mata. Mai dabba zai kai rahoto nan take, jami'in tantancewa ya zo ya duba mushen da sawun da ke wurin. Idan sakaci ne, an bar dabba ta kwana a daji ko shingen ya lalace, a rage kuɗin. Idan wani ya kashe zaki, duk mutanen shiyyarsa su rasa biyan wannan zagaye, don haka maƙwabcinka ne zai fara riƙe maka hannu. Al'ummar da kanta tana zuba wani kaso a asusun. Wani bincike da ya fito a 2014 ya nuna kisan zaki ya ragu da kashi 87 zuwa 91 cikin 100 a inda aka bi wannan tsari.

To, a ɗauko shi a aza a Alkaleri a gani. Matsalar farko: saniyar da zaki ya kama a cikin dajin, inda doka ta hana ta shiga, za a biya ta? In an biya, an ba da lasisin shiga. In ba a biya ba, an bar mafi yawan ɓarnar a waje da tsarin, mai ita kuma ba zai ma kawo rahoto ba, don ya san kama shi za a yi a ci shi tara. Ta biyu, tantancewa. Mushen da ya yini a ranar watan Maris, kura da ungulu sun bi ta kansa, wa zai rantse cewa zaki ne ya kashe ba sammore ko ciwon huhu ba? Ta uku ita ta fi damuna. Diyya alkawari ce da ba ta da ranar ƙarewa. Dokar namun daji ta Kenya ta 2013 ta yi tanadin biya daga gwamnati, takardun masu nema suka taru shekara da shekaru ba a biya ba. Mutumin da ba a yi wa alkawari ba yana jin haushin zaki ne kawai. Wanda aka yi wa aka saɓa yana jin haushin zaki da hukuma da duk wanda ya zo masa da zancen kare daji, kuma ya san inda ake sayar da maganin ƙwari. Ban yarda a fara da diyya ba sai an ajiye kuɗin shekaru a asusun da canjin gwamnati ba zai taɓa shi ba.

Shinge kuwa magana ce da ta fi kusa da mu fiye da yadda ake zato. A ƙasar ƙabilar makiyayan Masai ta arewacin Tanzaniya, ƙungiyar African People and Wildlife ta haɗa kai da makiyaya suka gyara makwancin shanu: a kafa rassan itace masu rai a jere, a ɗaura musu ragar waya. Rassan su yi saiwa su yi ganye, shingen yana ƙara ƙarfi kowace damina maimakon ya ruɓe. Binciken 2015 ya nuna irin wannan shinge ya tare harin dare da kashi 99.9 cikin 100. Mai garke yana biyan wani kaso na kuɗin, don kada ya ɗauke shi kayan banza. Itacen da suke kafawa kuwa dashi ne, wanda kakanninmu ke shinge gona da garka da shi tun ba a san waya ba. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya ga yadda ake yi: a sari reshe mai kaurin damtse a ƙarshen rani, a bar bakin saran ya ɗan sha iska, a haƙa rami a kafa a danne da ƙafa. Ruwan farko na sauka sai ka ga ya tofo. Ba a sayen iri, ba a ban ruwa.

Akwai abin da ya kamata a fahimta game da shinge. Ba zaki ne ke fasa shi ba yawanci, shanun ne. Zaki ya zagayo ta inda iska za ta kai musu warinsa, su firgita, su banke ƙaya su watse cikin duhu, shi kuma ya zaɓi wadda yake so. Aikin wayar shi ne riƙe shanu a ciki idan sun razana. Ƙayar da ake jibgawa a kewaye ba ta iya wannan, kuma kowace shekara sai an sake sare bishiyoyi an sabunta ta.

Inda shingen dashi ya gaza shi ne wurin mai tashi. Bamasai yana da gida tsayayye da makwanci ɗaya. Makiyayinmu da ke sauka wata biyu a mashekari ya ƙara gaba ba zai dasa itacen da ba zai ga ganyensa ba, balle a filin da ba nasa ba, inda mai gona zai ɗauki dashen a matsayin neman mallaka. Ko a rugar da ta zauna, da yawa shanu a fili suke kwana, maruƙa ne kawai a dangwali, tsaron kuwa kare ne da wuta da saurayin da ke kwana kusa. Ga mai tashi, abin da aka gwada a kewayen dajin Hwange na Zimbabuwe ya fi dacewa: makwanci na tafi-da-gidanka, labule mai kauri irin tamfol da aka ɗaura a sanduna, mai tsayin da zaki ba ya ganin abin da ke ciki. Zaki ba ya son faɗawa inda bai gani ba. Ana kafa shi a gona, bayan 'yan kwanaki a matsa gaba, gonar ta samu taki. Wannan tsohuwar ma'amala ce tsakanin manomi da makiyayi a ƙasar Hausa, a sauki Fulani a gona da rani don kashin shanu, wadda takin zamani da rashin yarda suka raunana. Shirin da zai farfaɗo da ita ya yi wa yankin amfani ko da zaki bai taɓa leƙowa ba.

Duk da haka shinge na dare ne. Ba ya bin saniya wurin kiwo, ba ya bin ta mashaya, ba ya hana kowa shiga Gaji.

Akwai ƙananan dabaru biyu masu araha da za a iya ƙarawa. Wani yaro Bamasai a gefen Nairobi, Richard Turere, ya haɗa batirin mota da sola da siginar babur da ƙwayayen tocila, fitilun suna walƙiya bi da bi kamar mutum na zagaye da tocila. A Botsuwana kuma an zana idanu a ɗuwawun shanu 683, zaki bai kashe ko ɗaya ba a tsawon binciken, alhali an kashe 15 daga 835 da ba a zana wa komai ba. Fenti da batir ba su fi ƙarfin kowa ba. Sai dai dabba tana sabawa, kuma ba a gina shiri a kansu.

Hanya ta uku ita na fi tsayawa a kanta. A 2007 Leela Hazzah da Stephanie Dolrenry suka kafa shirin Lion Guardians a yankin Amboseli. Ba 'yan boko suka ɗauka ba. Samarin Masai suka ɗauka, mayaƙan da al'adarsu ta ɗauki kashe zaki a matsayin jarumta, wasunsu ma sun kashe da hannunsu. Aka koya musu karatu da rubutu da aiki da na'urar GPS mai nuna wuri, aka yanka musu albashi. Saurayi ya fita da asuba ya karanta sawu, ya san inda zaki ya kwana, ya gaya wa makiyaya kada a kora ta can yau. Dabba ta ɓata, shi ke neman ta kafin dare. Shinge ya ɓalle, yana cikin masu gyara. In an yi ɓarna samari sun fusata sun ɗauki makami, shi ke shan gabansu, kuma suna jin maganarsa don nasu ne, ba wanda zai ce masa matsoraci. Har suna suke raɗa wa zakunan, kowa ya san nasa. Binciken nan na 2014 da ya auna diyya ya auna wannan ma: kisan zaki ya ragu da kashi 99 cikin 100.

Abin da ya ja hankalina shi ne yawancin aikin mai bin sawu ba na zaki ba ne, na makiyayi ne. Ko wata shida zaki bai fito ba, mutanen ruga sun ga amfaninsa: ya dawo da ɓatacciyar saniya, ya gano yaron da ya ɓace da tumaki, ya ba da labarin kura. A wurin da zaki ya yi ƙaranci kamar Yankari wannan babban abu ne. Asusun diyya zai iya shekara bai biya kowa ba, mutane su manta da shi. Mai bin sawu kullum ana ganinsa.

Kuma ba baƙon abu za a kawo ba. Fulani suna da garso, wanda ke yin gaba ya dubo ciyawa da ruwa da lafiyar hanya kafin a tashi, a kuma bi maganarsa. Yaron da ya girma a bayan shanu yana bambance sawun kura mai alamar farce da na zaki da ba shi da ita, ya kuma faɗa maka na jiya ne ko na ɗazu. A Yankari ma an gwada irinsa a kan giwa. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS, da ta shiga yarjejeniya da gwamnatin Bauchi a 2014 kan kula da dajin, ta ɗauki mutanen ƙauyukan kewaye su riƙa sa ido kan giwaye suna ba da labari ta waya idan sun nufo gonaki. Waɗancan manoma ne, don giwa manomi take yi wa ɓarna. Na zaki dole su fito daga ruga.

Wahalarsa ba ɓoyayyiya ba ce. A yankin da ake fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, saurayin da aka gani yana yawo da waya yana magana da hukuma za a iya kiransa ɗan leƙen asiri, kuma wannan suna na iya cin ransa. Shi ya sa bai kamata a haɗa aikinsa da kame ba ko kaɗan. Ranar da rahotonsa ya sa aka kama shanun kawunsa a cikin daji, ranar shirin ya mutu. Kama mai laifi aikin masu gadin daji ne. Nasa shi ne ya isa wurin mushe kafin mai guba ya isa, ya zauna da mai saniyar, ya ce, "Baffa, a yi haƙuri, a bar mini wannan," a ƙone mushen ko a binne. Zaɓensa ma ba a ofis za a yi ba. Arɗo da dattawan ruga su tsayar da shi, hakimi ya shaida. In aka mayar da gurbin na rabon 'yan siyasa, za a samu masu karɓar alawus da ba su taɓa kwana a bayan garke ba.

To ina haƙƙin wanda ya yi asara, tunda na tura diyya baya? A nan dabarar yankin dajin Ruaha na Tanzaniya ta fi burge ni. Shirin da Amy Dickman ta fara a 2009 ya ba ƙauyuka kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu, su kafa a ƙasarsu. Duk naman dajin da ya fito a hoto maki ne, zaki yana cikin masu maki da yawa, a ƙarshen zango a mayar da makin maganin dabbobi da kayan asibiti da na makaranta. Diyya tana biyan mutum ne idan saniyarsa ta mutu. Wannan kuwa yana biyan gari ne idan zaki yana raye a kusa da su, kuma hoto ba ya buƙatar rantsuwa. A ƙasarmu abin da makiyayi ke asara ga ciwon huhu da sammore da boru ya ninka abin da zaki ke ɗauka. Allurar rigakafi a kan lokaci, da malamin dabbobi mai zuwa har ruga, da rijiyar burtsatse a wajen iyaka da za ta rage dalilin shiga Gaji, sun fi masa diyyar saniya ɗaya da zai yi wata tara yana bin takardarta. Sharaɗin dai a faɗa masa ƙarara cewa albarkacin zaki ne, kuma mushe mai guba ɗaya zai dakatar da su.

Wasu za su ce a kewaye dajin da wayar lantarki a huta. Ruwanda ta ja irin wannan waya a iyakar yamma ta dajin Akagera, bayan guba ta ƙarar da zakunan dajin, sannan ta kawo bakwai daga Afirka ta Kudu a 2015 suka hayayyafa. Kewayen Yankari ya kai kilomita 200 ko fiye, ga giwaye masu karya waya, ga kuɗin gyara na kullum. Kuma gyaran da Ruwanda ta yi ba ya buɗe gare mu yadda ya buɗe gare su. Zakin Afirka ta Yamma a jini ya fi kusa da na dajin Gir a Indiya fiye da na Afirka ta Kudu. In namu ya ƙare, ba a kudu za a samo madadinsa ba, kuma maƙwabtan da ke da irinsa su ma nasu bai ishe su ba.

Da ni za a tambaya, kuɗin farko na masu bin sawu ne, 'yan kaɗan a rugagen da suka fi kusa da iyaka, da albashin da aka tabbatar na shekaru kafin a ɗauki ko mutum ɗaya. Su ne za su nuna rugar da ta fi buƙatar shinge, don sun san inda kura da zaki ke bi. Makiyayin da ya zauna wuri ɗaya kuma yana da iko da filinsa kada ya jira kowa, ya kafa dashinsa kafin ruwa ya sauka, ya sayi waya a hankali, ya fara da wurin maruƙa da tumaki tunda su aka fi ɗauka. Mai tashi ya nemi manomin da zai sauke shi, su haɗa kuɗin tamfol, ɗaya ya samu taki ɗaya ya samu barci. Rigakafi da ruwa su biyo baya da sunan zaki. Diyya ta zo a ƙarshe, ƙarama, ga dabbar da aka kashe a wajen dajin kuma a cikin shinge mai kyau, mai bin sawu ya shaida, arɗo ya sa hannu, a biya kafin kasuwa biyu ta ci.